Ta haddace plus-que-parfait amma ba ya fitowa a rubutunta: nazarin lamarin wata ɗaliba a Tawa

## Asalin lamarin

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 15 ce, tana ajin ƙarshe na kwaleji, wato troisième, a wata makarantar gwamnati cikin garin Tawa na Nijar. A ƙarshen wannan aji ake rubuta jarrabawar BEPC, wadda ke buɗe wa ɗalibi ƙofar lise. Mahaifinta fataucin albasa yake yi daga Galmi zuwa kasuwannin kudu. Hausar Adar ake yi a gidansu daga safe har dare. Faransanci kuwa tun ajin CI, wato ajin farko na firamare, take jin sa, wannan ce shekararta ta goma da shi, amma da an tashi daga makaranta sai ta ajiye shi sai gobe.

Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a wata makarantar gwaji a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ita dai yarinyar makarantar Faransanci zalla ta yi, kuma da Faransanci za ta amsa takardun BEPC.

Plus-que-parfait lokaci ne na aikatau a Faransanci da ake amfani da shi idan ana cikin ba da labarin abin da ya wuce, sai aka so a ambaci wani abu da ya riga wancan faruwa. Gininsa kashi biyu ne. Ana ɗauko ɗaya daga cikin mataimakan aikatau biyu, *avoir* ko *être*, a sa shi a imparfait, sannan a biyo shi da participe passé. Na *avoir* su ne *j'avais, tu avais, il avait, nous avions, vous aviez, ils avaient*. Na *être* kuma *j'étais, tu étais, il était, nous étions, vous étiez, ils étaient*. Daga nan sai a samu *j'avais mangé, nous avions fini, elle était partie*. Siffofi 12 ne kacal, shi ya sa ake yawan gamawa da shi cikin darasi ɗaya ko biyu a wuce gaba. Ita ma tun CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka fara koya mata shi.

## Oktoba zuwa Nuwamba: inda aka fara lura

A makonnin farko na komawa makaranta, malamin Faransancinsu ya ba su insha'i kan ranar da suka taɓa makara. Ta samu maki 7 cikin 20, kuma a gefen takardar an rubuta da jan alƙalami: *concordance des temps*, wato lokutan aikatau ba su jitu da juna ba. Ga abin da ta rubuta a tsakiyar labarin:

*Je suis arrivée à l'école. Le surveillant a fermé le portail. Les élèves sont entrés en classe.*

Kowace jimla daidai take idan aka ɗauke ta ita kaɗai. Amma mai karatu zai fahimci cewa ta iso, sannan aka rufe ƙofa, sannan ɗalibai suka shiga aji, wato ba ta makara ba ke nan. Abin da take nufi shi ne ta tarar an rufe ƙofa, ɗalibai duk sun shige: *le surveillant avait fermé le portail, les élèves étaient entrés*. Labarin makara ya koma labarin zuwa da wuri saboda aikatau biyu.

Insha'i na biyu, a watan Nuwamba, ta samu 8. Jan alƙalamin ya sake cewa abin da ya ce a farko.

## Disamba: haddar jadawali

Yayanta, wanda ke lise, shi ya ɗauki nauyin gyaran. Kullum bayan Magariba sai ta cika shafi da aikatau biyar, kowanne a siffofinsa shida, sannan ta rufe littafi ta karanto masa da ka. Mako uku suka yi a haka. Da aka yi gwajin conjugaison a aji, irin wanda ake ba da aikatau cikin baka biyu a ce *mettez au plus-que-parfait*, wato a sa shi a wannan lokaci, ta samu 18 cikin 20. Gida aka yi murna, aka ɗauka an wuce wurin.

Sai ga insha'in ƙarshen zango na farko: 8 cikin 20. Shafi biyu cur, babu plus-que-parfait ko ɗaya a ciki, alhali aƙalla wurare biyar suna neman sa. A farkon Janairu mahaifinta ya kawo ta darasin yamma da nake yi. Ya ce, "Malam, ga ɗiyarka nan. Takarda guda ta ce ta iya, takarda guda ta ce ba ta iya ba. Kai ka san wannan aiki." Muka tsayar da zama biyu a mako, kowanne awa ɗaya.

## Janairu: gwajin tantancewa

Kafin a koyar da komai an yi mata gwaji iri biyu. Na farko irin na ajinsu ne, a faɗa mata lokacin da za ta sa. Ta samu 17 cikin 20. Na biyu ɗan labari ne mai gurbi 20, babu wanda ya faɗa mata lokacin da za ta zaɓa. Gurbi 10 suna buƙatar plus-que-parfait, sauran 10 ba sa buƙata. Wannan siga aka riƙe a duk gwaje-gwajen da suka biyo baya, labarin kawai ake canzawa, kuma abu biyu ake ƙirgawa: wuraren da ta sa shi daidai, da wuraren da ta cusa shi inda ba ya shiga.

A Janairu ta sa shi daidai a gurbi 1, ta cusa shi a gurbi 1. Sauran 18 duk passé composé ta zuba, wato lokacin da ta yi amfani da shi a insha'in makara. Da na tambaye ta dalilin zaɓen waɗancan biyun, sai ta ce, "Malam, na ga takardar ta yi yawa babu shi, shi ne na sa."

An kuma lura da wani abu a shifta. Idan na karanta *il était parti* a hankali takan rubuta daidai. Idan na karanta da saurin magana sai ta rubuta *il est parti*, kuma ko da ta maimaita karanta abin da ta rubuta ba ta jin wani abu ya canza a ma'ana.

## Fabrairu: kalmomin nuni da zanen layin lokaci

An fara da hanyar da aka saba da ita a aji. Ana nuna wa ɗalibi kalmomin da kan zo tare da wannan lokaci, kamar *déjà, la veille, auparavant, deux jours plus tôt*, sannan a ja dogon layi a allo a jera abubuwan da suka faru daga na farko zuwa na ƙarshe. Ta kama zanen da sauri. Duk labarin da aka ba ta tana iya jera shi a kan layi babu kuskure. Sai dai idan ta ɗauki alƙalami tana rubuta nata labarin, ba ta tsayawa ta ja layi, kuma a ɗakin jarrabawa babu mai tuna mata.

Gwajin ƙarshen Fabrairu: daidai 4, cushe 2. Huɗun nan duk jimloli ne masu ɗauke da *déjà* ko *la veille*. Biyun da ta cusa ma *déjà* ce ta ja ta. A ɗaya, an miƙa wa mutum abinci yana son ya ce ya ci, ta rubuta *merci, j'avais déjà mangé* maimakon *j'ai déjà mangé*. A ɗayan kuma ta mai da *il était déjà tard* zuwa *il avait déjà été tard*. Inda babu kalmar nuni, babu abin da ya motsa daga yadda yake a Janairu.

## Maris: sun da sunka

A zaman farko na Maris ta zo a makare, tana ba da hanzari da Hausa: "Malam, ko da munka isa bakin hanya, 'yan kabu-kabu sun watse." Na rubuta jimlar a allo yadda ta faɗe ta, na rubuta wata a ƙarƙashinta: "Da munka isa bakin hanya, sai 'yan kabu-kabu sunka watse." Na tambaye ta a wacce suka ga masu baburan. Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce a ta biyu sun gan su, a gabansu sunka watse, a ta farko kuwa ba su iske kowa ba. Sai na rubuta Faransancin kowacce a gefenta: *étaient partis* ga ta farko, *sont partis* ga ta biyu.

Yana da kyau a tsaya a nan a bayyana abin da ke ƙasa, domin shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Aikatau na Hausa ba ya canza siffa don nuna jiya ko shekaranjiya. Lamirin da ke gabansa ke nuna ko aikin ya kammala. Kuma Hausa tana da jeri biyu na kammalallen aiki, waɗanda littattafan nahawu ke kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Na ɗaya shi ne *mun, kun, sun, an*. Na biyu *muka, kuka, suka, aka*, wanda a Adar da Gobir da Sakkwato ake cewa *munka, kunka, sunka, anka*. Idan Bahaushe yana ba da labari, jeri na biyu ne ke jan zaren: muka tashi, muka hau mota, muka isa. Idan jeri na ɗaya ya faɗo a tsakiya, mai sauraro ya san an ja da baya ne zuwa abin da ya riga ya auku: muka isa, ashe sun tafi. Yaro ɗan shekara shida yana yin wannan a tatsuniya ba tare da an koya masa ba.

A yawancin siffofin tilo rubutun Hausa yana ɓoye bambancin, domin *ya tashi* iri ɗaya ake rubuta shi a jerin biyu. Bakano yana rarrabewa da tsawon wasali, wanda ba ya fitowa a takarda. Mutumin Adar kuwa ninka baƙin yake yi, ya ce *ya tashi* a ɗaya, *yat tashi* a ɗayan. Ke nan karin harshen gidansu, wanda ba a taɓa shigo da shi aji ba, ya fi daidaitacciyar Hausa ta takarda fito da wannan bambanci sarari.

Tsarin zaman ya koma haka. Takan ba da ɗan labari da baki, jimla biyar ko shida, da Hausarta. In rubuta a allo ba tare da gyara mata kari ba. Ta ja shuɗin layi ƙarƙashin duk *sunka* da 'yan uwansa, jan layi ƙarƙashin duk *sun*. Sannan ta juya shi Faransanci: shuɗi ya tafi passé composé, ko passé simple idan ana kwaikwayon salon littafin karatu, ja kuma ya tafi plus-que-parfait. Mafi yawan labaranta na kasuwancin mahaifinta ne. Ɗaya daga ciki ya fito haka: *Mon père est allé à Galmi. Il a cherché son fournisseur, mais celui-ci avait vendu tous les sacs. Les camions de Cotonou avaient tout emporté.* Wannan ne karo na farko da ta sa lokacin a labarin kanta ba tare da an nuna mata gurbi ba.

Gwajin ƙarshen Maris: daidai 7, cushe 4.

## Afrilu: inda dabarar ta karye

Ci gaba ya samu, amma cushe ya ninka. An zauna da kurakuran nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga kashi biyu ne rak.

Cushen nan huɗu duk a cikin zancen baki suke, inda wani a labarin ke magana da kansa. Yarinya ta shigo ta ce, "Inna, baƙi sun zo," ita kuma ta rubuta *Maman, les invités étaient arrivés*. Ta ga *sun*, ta bi jan layi. Amma mai wannan magana ba labari take bayarwa ba, daga inda take tsaye yanzu take aunawa, don haka *les invités sont arrivés* ne. *Sun* yana ja da baya ne kawai idan akwai zaren labari da zai ja baya daga gare shi.

Ukun da ta rasa kuma duk bayan *que* ko *qui* suka zo. Misali: *Ce jour-là, j'ai perdu l'argent que mes parents m'avaient donné.* Da Hausarta, "na ɓatar da kuɗin da sunka ba ni." A nan *sunka* ne, don haka ta bi shuɗi. Abin da ya faru shi ne Hausa tana tilasta jeri na biyu bayan *da* mai bayanin suna, da bayan kalmomin tambaya irin su *wa* da *me* da *yaushe*, ko da wane aiki ne ya riga wani. Ba a cewa "kuɗin da sun ba ni." A irin wannan wuri lamirin ba ya faɗin komai game da jerin faruwar abubuwa. A hirar yau da kullum za ka ji masu Faransanci suna sa passé composé a nan, amma a rubutaccen labarin da ya wuce, mai duba takarda plus-que-parfait yake jira.

Aka ajiye alƙaluman launi, aka maye gurbinsu da tambaya biyu da za ta yi wa kanta. Ta farko: mai maganar nan yanzu yake tsaye ko cikin labari? Ta biyu: idan na saka *riga*, jimlar ta zauna? "Kuɗin da sunka riga sunka ba ni" ta zauna daram. "Da munka isa, sai sunka riga sunka watse" ba ta zauna ba, kunnenta ya ƙi ta tun kafin ta ƙarasa faɗa. *Déjà* ta Fabrairu a takarda take neman ta, in babu ta shi ke nan. *Riga* kuwa ita ke sakawa da kanta ta saurara, kuma da harshen da ba ta kuskure a cikinsa.

Tambayar nan ta biyu ta warware wani wurin da ba a taɓa ba tukuna, wato maimaita maganar wani. Hausa ba ta canza komai: "Na sayar da albasa" ya koma "ya ce ya sayar da albasa." Faransanci yana ja da baya taki ɗaya: *j'ai vendu les oignons* ya koma *il a dit qu'il avait vendu les oignons*. "Ya ce ya riga ya sayar" ta zauna, don haka ta san abin da za ta sa.

Jimlar sharaɗin da bai cika ba ita ce mafi sauƙi a duk aikin. Tana rubuta *si j'aurais su*, kuskuren da har yaran Faransa ke yi. Aka ɗora ta a kan *da* biyu na Hausa: "da na sani, da ban zo ba." *Da* ta farko plus-que-parfait, ta biyu conditionnel passé: *si j'avais su, je ne serais pas venue*. Zama ɗaya ya ishe ta.

## Mayu: mataimaki da daidaiton ƙarshen kalma

Yanzu da take sa lokacin a inda ya dace, kurakuran rubutu suka fito fili. An taɓa faɗa mata cewa aikatau masu nuna motsi *être* suke ɗauka, sai ta riƙa rubuta *elle était couru, nous étions marché*. Amma *courir* da *marcher* na *avoir* ne, *rester* kuma da ba ya motsi na *être* ne. Babu wata dabara a nan sai riƙe jerin: *aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, naître, mourir, rester, tomber, retourner*, da 'ya'yansu irin su *devenir, revenir, rentrer*, sai kuma duk aikatau mai *se*.

Wuri ɗaya Hausa ta sake taimakawa. *Sortir, descendre, monter, rentrer* suna komawa *avoir* idan suna da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kuma wannan shi ne bambancin *fita* da *fitar da*: *elle était sortie*, ta fita; *elle avait sorti les nattes*, ta fitar da tabarmi. Sauran aikin shifta ce, jimla biyar a kowane zama. *Avais, avait, avaient* duk furuci ɗaya ne, sai an duba aikau, wato mai yin aikin. Da *être* ƙarshen kalma yana bin aikau: *elles étaient sorties*. Da *avoir* yana bin karɓau ne idan ya riga aikatau zuwa: *les oignons qu'il avait vendus, la lettre qu'elle avait écrite*. Masu siffar da ba ta bin ƙa'ida irin su *pris, mis, écrit, reçu, eu, été, né, mort* kuwa yawancinsu tana da su a ka tun haddar Disamba, ba a ɓata lokaci a kansu ba.

## Ƙarshen Mayu zuwa Yuli: sakamako

Gwajin ƙarshe: daidai 9, cushe 1. Cikin taran nan, 7 ba su da kuskuren rubutu ko kaɗan. A shifta ta daina musanya *est parti* da *était parti* ko da an karanta da sauri, alhali ba a yi wani horon sauraro na musamman ba. A jarrabawar gwaji ta makarantarsu ta samu 12 cikin 20 a insha'i. Ta ci BEPC.

Abin da bai gyaru ba shi ne aikatau masu *se* idan karɓau ya biyo baya. Har zaman ƙarshe tana rubuta *elles s'étaient lavées les mains*, alhali *lavé* ne a nan, sai idan babu *les mains* ake cewa *lavées*.

## Hukunci

Matsala biyu ce ke ɗauke da suna ɗaya, gina lokacin da kuma sanin inda yake shiga. Gwajin da ke cewa *mettez au plus-que-parfait* na farkon kaɗai yake aunawa, shi ya sa 18 cikin 20 da 8 cikin 20 suka fito a wata ɗaya daga hannu ɗaya. Da an yi mata gwajin gurbi marar umarni tun Oktoba, da an gane inda ciwon yake wata uku kafin lokacin da aka gane.

Haddar Disamba ba asara ba ce. Ba ta taɓa matsalar da aka yi ta dominta ba, amma ita ta sa watan Mayu ya yi sauƙi, kuma ban ga yadda za a iya wannan lokaci babu ita ba. Kalmomin nuni su ne mafi rauni cikin abin da aka gwada, domin sun koya mata kallon kalma ɗaya maimakon kallon labarin. Kwatancen *sun* da *sunka* shi ya buɗe mata ido, don ya nuna mata cewa abin da Faransanci ke nema abu ne da take yi kullum da bakinta. Gyaruwar shifta ba tare da horo ba ita ce shaidar da na fi yarda da ita: ta fara jin bambancin sauti ne bayan bambancin ya samu ma'ana a wurinta. Sai dai kwatancen shi kaɗai yana haifar da nasa kurakuran, kuma sanannu ne, a zancen baki da bayan *da*. Wanda zai yi amfani da shi ya haɗa shi da tambayar *riga* tun makon farko.

Ɗaliba ɗaya ce, a zaman mutum biyu, da malami mai jin karin harshenta. Ajin kwaleji a Tawa cike yake, kuma a cikinsa akwai yaran da Tamashek ko Fulatanci ne harshen gidansu, waɗanda za su buƙaci a nemo musu makamancin wannan a nasu harshen. Tashin makin insha'i daga 8 zuwa 12 ma ba na plus-que-parfait kaɗai ba ne, domin tsawon watanni na ba da labari da baki a juya shi rubutu yana gyara abubuwa da dama. Abin da lambobin gwajin gurbi ke iya tabbatarwa shi ne tafiya daga 1 zuwa 9, wato ƙarin uku a Fabrairu, uku a watan da aka rubuta Hausarta a allo kusa da Faransancin, biyu bayan nan.